Zangon Ƙofar Kusatsu: Tambayoyi da Amsoshi ga Mai Niyyar Zuwa Garin Ruwan Zafi na Japan

Wanda ya taso daga Tokyo ya nufi Kusatsu, kafin ya gangara cikin gari zai tarar da wasu gine-gine masu fasalin gidajen Jamus a bakin hanya mai lamba 292. Wurin hutawar matafiya ne, sunansa Kusatsu Undojaya Koen. Da yawa daga cikin baƙi suna wuce shi da gudu don ɗokin ganin ruwan zafi. Ni kuwa shawarata ita ce a tsaya, musamman ga irinmu masu salla da tsantsenin abinci, domin a nan ake kintsa tafiyar tun ba a shiga cunkoson gari ba. Ga tambayoyin da aka fi yi.

Wane irin wuri ne wannan? Tashar mota ce?

Ba tasha ba ce irin wadda muka sani, babu 'yan kamasho, babu lodin fasinja. Mutanen Japan suna kiran irin waɗannan wurare michi-no-eki, wato tashar hanya. Kalmar da ta fi dacewa da shi a Hausa ita ce zango, inda fatake kan sauke kaya su sha ruwa, su ji labarin hanyar da ke gaba, su yi ɗan ciniki da mutanen gari. Aikinsa ke nan sak.

An fara rajistar waɗannan zangon a 1993 da guda 103, yanzu sun haura 1,200 a faɗin ƙasar. Ma'aikatar da ke kula da filaye da hanyoyi da sufuri ce ke yi musu rajista, amma yawanci ƙaramar hukumar wurin ce ke da su. Kafin a ba wuri wannan suna, dole ya kasance da wurin ajiye mota da banɗaki kyauta, buɗe dare da rana, da wurin samun bayani a kan hanya da gari, sannan ya zama yana amfanar mutanen yankin. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne ya sa babu zango biyu da suka yi kama da juna. Na bakin teku kifi yake sayarwa, na kan dutse kayan lambu da namomin daji.

To, ai akwai wuraren hutawa a kan manyan titunan Japan. Ba ɗaya ba ne?

A'a. Waɗancan suna kan titunan da ake biyan kuɗi kafin a hau, kamfanonin titin ne ke tafiyar da su. Michi-no-eki yana kan hanyar kowa da kowa, mai keke da mai tafiya a ƙasa duk suna shiga.

Yaya ake zuwa daga Tokyo?

Kusatsu yana jihar Gunma, arewa maso yamma da Tokyo, a kan tsauni mai tsayin kimanin mita 1,200. Layin dogo bai kai cikin garin ba. Jirgin ƙasa mai sauri yana tashi daga tashar Ueno ya sauke mutum a Naganohara-Kusatsuguchi cikin kusan awa biyu da rabi, daga nan a hau bas, tafiyar kamar minti 25 ana hawan dutse. Akwai kuma bas da ke tashi daga Shinjuku kai tsaye, awa huɗu ko da ɗan ɗori. Mai mota zai bi babban titin Kan-Etsu, ya sauka a Shibukawa-Ikaho, ya bi kwarin kogin Agatsuma har Naganohara, sannan ya kama hanya ta 292.

A lura da wata tuntuɓe da kan kayar da baƙi: akwai wani birni mai suna Kusatsu a jihar Shiga, kusa da Kyoto, kuma shi yana da tashar jirgi. Ba shi ba ne. In za ka sayi tikiti ko ka saka adireshi a waya, ka ce Kusatsu Onsen, onsen ɗin nan shi ne sunan da suke kiran ruwan zafi na maɓuɓɓuga.

Daga zangon zuwa tsakiyar gari tafiyar ƙafa ce ta kimanin minti 20, gangare ne a zuwa, hawa ne a dawowa.

Zan iya tuƙa motar haya da lasisina na gida?

Lasisin gida shi kaɗai ba zai yi ba. Japan tana karɓar takardar tuƙi ta ƙasa da ƙasa wadda aka bayar bisa yarjejeniyar Geneva ta 1949, kuma kamfanin haya zai duba ta da kyau kafin ya miƙa maka makulli. Ka tabbatar da irin takardar da ke hannunka a ofishin jakadancin Japan tun kana gida. Sannan a hagu ake tuƙi a can. Direban da ya saba da hannun dama yakan ruɗe ne a lokacin fitowa daga wurin fakin zuwa kan titi, ba a tsakiyar tafiya ba, don haka fita daga zangon ita ce inda za ka fi nutsuwa.

Me ya kawo gine-ginen Jamus a tsakiyar duwatsun Japan?

Wani likita ne ya jawo, Erwin von Bälz. An haife shi a garin Bietigheim na Jamus a 1849, ya zo Japan a 1876 don koyar da aikin likita a Tokyo, ya yi shekara 29 a ƙasar, har ya zama likitan gidan sarauta. A 1878 ya fara zuwa Kusatsu. Ya ga ruwan, ya shaƙi iskar tsaunin, ya ce wurin jinya ne da ya isa a gwada shi da mashahuran wuraren wanka na Turai. Maganarsa ce ta fitar da sunan garin waje. Ya rasu a 1913, amma mutanen Kusatsu ba su manta da alherin ba. Sun ƙulla zumunci da garin haihuwarsa, kuma suka keɓe masa ɗakin tunawa a saman benen zangon, inda aka ajiye hotunansa da kayansa da abubuwan da suka shafi wannan zumunci.

Abin da ya fi burge ni shi ne inda suka zaɓa su ajiye shi. Ba a wani lungu ba, a ƙofar gari, saman kantin tsaraba, inda duk baƙon da ya tsaya zai iya hawa ya san wanda ya yi musu rana. Minti goma sha biyar sun isa a zagaya shi. Akwai kuma gadar masu tafiya a ƙasa da ta haɗa ɓangarorin zangon biyu ta saman titi, daga kanta ana hango duwatsu in gari ya yi garau.

Wace tsaraba ta fi dacewa a saya?

Ta farko ita ce onsen manju, wani ɗan curin fulawa da ake turarawa, cikinsa jan wake da aka dafa da sukari. Ba ya daɗewa, kwana kaɗan ne, don haka na ci a hanya ne ba na kai wa gida ba. Wanda zai jure tafiya shi ne hanamame, wani wake mai girman kan babban yatsa da ke yin kyau a ƙasa mai tudu da sanyi, ana dafa shi da sukari a ƙulle a leda. Akwai wata irin laimar kwaɗi da ake ci, wadda suke kira maitake. Akwai konnyaku, wanda ake yi da wata saiwa 'yar uwar gwaza, kuma Gunma ce ke noma mafi yawansa a Japan. Da damina da farkon kaka za ka ga kabeji, domin Tsumagoi, maƙwabciyar Kusatsu, ta yi suna wajen nomansa.

Sai yunohana, ma'anarsa furen ruwan zafi. Garin farar wuta ne da ke kwantawa a ƙasan kwamin katakon da ruwan ke bi a tsakiyar gari, a kankare shi a busar. Ana zuba kaɗan a bahon wanka. Ka karanta kwalin, saboda akwai na ainihi akwai kuma na haɗi da aka yi a masana'anta, farashinsu ba ɗaya ba.

Ba a taya kaya, farashin da ke jiki shi ne. Ba a kuma ba ma'aikaci tukwici. In ka bar canji, za a biyo ka da shi. Ka riƙe tsabar yen a aljihu ko da kana da kati.

Musulmi zai samu abin da zai ci?

Zai samu, amma sai ya buɗe ido. Gunma ƙasar kiwon alade ce, kuma abincin matafiya da aka fi sayarwa, irin su taliyar ramen da shinkafa da miyar kori, sau da yawa akwai naman alade ko romonsa a ciki ko da ba a gani a sama ba. Kalmar alade ita ce buta, ana rubuta ta haka: 豚. Ta giya kuwa: 酒. Waɗannan biyun ka ɗauki hotonsu a wayarka. Akwai kuma mirin, wata giyar shinkafa mai zaƙi da suke girki da ita, tana shiga romon da ake tsoma taliyar soba da udon. Mai tsantseni ya tambaya, kuma ya sani cewa ma'aikaciyar kanti ba za ta ce "babu" don ta sayar ba. In ba ta da tabbas, za ta shiga ciki ta tambayo.

Abin da ya fi sauƙi shi ne 'ya'yan itace, madara, dafaffen ƙwai, gasasshen dankalin Hausa in lokacinsa ne, da curin shinkafa mai gishiri kawai. A Tokyo akwai kantunan halal da dama, a kusa da masallatai da unguwar Shin-Okubo. Wanda zai kwana biyu a Kusatsu ya yi guzuri daga can. In kuma masaukinka irin na gargajiya ne da ke haɗawa da abincin dare, ka gaya musu abin da ba ka ci tun ranar da ka kama ɗaki, ba ranar da ka iso ba, domin tun da wuri suke tsara girkin kowane baƙo.

Salla fa?

Kada ka sa ran masallaci a garin. Ka tafi da dardumarka, ka nemi gefe a filin shaƙatawar da ke jikin zangon inda ba za ka tare wa kowa hanya ba. In sanyi ya yi yawa, ka nemi izini a ofishin bayani. Kalmar addu'a ko ibada ita ce oinori.

Wajen alwala a kula. Ɗora ƙafa a kan kwanon wanke hannu da jiƙa daɓen banɗaki abu ne da ke ɓata musu rai sosai. Ka ɗebi ruwa a gora ka fita waje, ko ka yi alwalarka tun daga masauki. Wani abin kuma da kan ba mutanenmu mamaki: mu da muka saba cewa za mu duba gabas, a Japan alƙibla tana yamma ne, da ɗan karkata zuwa arewa. Rana ma da wuri take faɗuwa a hunturu, kafin ƙarfe biyar magariba ta yi.

Ana wankan ruwan zafi a zangon kansa?

Wankan yana cikin gari. Amma wanda ya biyo ta Naganohara da mota zai wuce wani zangon, Yamba Furusato-kan, wanda ke da wurin tsoma ƙafa a ruwan zafi. Yana kallon tafkin madatsar Yamba da aka kammala a 2020 bayan shekaru masu yawa ana taƙaddama a kanta. Tsohon garin wanka na Kawarayu yana ƙarƙashin ruwan nan yanzu, an mayar da mutanensa kan tudu.

A Kusatsu, tsakiyar komai ita ce Yubatake, wato gonar ruwan zafi. Kimanin lita 4,000 ke ɓulɓulowa daga nan kowane minti, ruwan ya bi ta cikin kwami bakwai na katako don ya huce, sannan a rarraba shi zuwa masaukai. In aka haɗa duk maɓuɓɓugan garin, sun haura lita 32,000 a minti, kuma babu inda ya kai haka a Japan wajen ruwan da ke fitowa da kansa. Tun kafin ka gan shi za ka ji warinsa, kamar na ruɓaɓɓen ƙwai. Bayan awa ɗaya hanci ya saba.

Manyan gidajen wanka na kuɗi uku ne: Otakinoyu, Gozanoyu, da Sainokawara mai faffaɗan tafki a fili. Akwai kuma ƙananan ɗakunan wanka na unguwa da mazauna ke kula da su, uku daga ciki an buɗe su ga baƙi kyauta: Shirahata, Chiyo da Jizo. Sauran na masu gari ne, a bar musu abinsu.

An ce tsirara ake shiga. Gaskiya ne?

Gaskiya ne. Maza daban mata daban, labule shuɗi na maza, ja na mata, amma a ciki ba a sa komai, kuma ba a yarda tawul ya taɓa ruwan ba. Shiga da gajeren wando ko ɗaurin ƙirji karya doka ne a yawancin wurare, ba kuma abin da za a yi musu a kai ba ne a bakin ƙofa.

Wannan bai kamata ya hana mai kunya zuwa ba, don akwai mafita. Ana kama ɗakin wanka na mutum ɗaya ko na miji da mata, suna kiransa kashikiri, ka biya na minti 45 ko awa ɗaya ka kulle ƙofarka. Wasu masaukan suna da ɗakunan kwana da bahonsu na ruwan maɓuɓɓuga, sai dai sun fi tsada. Akwai kuma ashiyu, wurin tsoma ƙafa, ɗaya yana nan jikin Yubatake kyauta, ka naɗe wando kawai ka zauna. A ganina wanda ya yi kashikiri bai rasa komai ba, ruwan ɗaya ne. A ofishin bayani na zangon za ka iya karɓar taswira ka tambayi inda ake samunsa.

Ko'ina ka shiga, ƙa'idar farko ita ce a wanke jiki tas kafin a shiga bahon. Bahon na jiƙa jiki ne, ba a kai sabulu cikinsa.

Kamar ruwan Wikki na Yankari yake?

Wikki yana kan digiri 31, garai-garai, ana iyo a cikinsa. Da a Japan yake da shi ma an kira shi onsen, domin dokarsu ta 1948 ta ce ruwan da ya kai digiri 25 daga maɓuɓɓuga ya shiga lissafi. Iyakar kamanninsu ke nan. Na Kusatsu yana fitowa ne daga kimanin digiri 50 zuwa sama da 90, ya danganta da maɓuɓɓugar, kuma tsaminsa ya kusa na ruwan lemon tsami, awonsa na pH wajen 2 ne. Mutanen garin kan ce ƙusa in ta kwana goma a ciki sai ta narke. In kana da ƙaramin yanka ko ka yi aski da safe, zai gaya maka. Kada ya shiga ido. Zoben azurfa kuma a cire shi, in ba haka ba ya fito baƙi ƙirin.

Saboda ba sa son a sirka ruwan da na sanyi ya rage ƙarfi, sai suka ƙirƙiro yumomi: a jera a bakin baho da dogayen katakai masu kusan mita biyu, ana juya ruwan ana rera waƙa har ya huce. Ana nuna shi kullum a gidan Netsunoyu da ke gefen Yubatake. Ganin matan nan suna buga katako a tare bisa amon waƙa, dole ya tuna maka da lugude.

Tsamin nan yana da nasa ɓarnar. Can baya kogin da ke kwashe ruwan ya hana kifi rayuwa, yana cin ƙarfe da kankaren gadoji. Tun 1964 akwai wata masana'anta a garin da ke zuba niƙaƙƙen dutsen farar ƙasa cikin kogin dare da rana don kashe tsamin.

Mai hawan jini ko ciwon zuciya da mai juna biyu su nemi shawarar likita tukuna. Kowa ma, minti kaɗan ya isa a shigar farko, a fito a sha ruwa.

Ana kwana a cikin mota a wurin fakin?

Matsayin ma'aikatar da ke yi wa waɗannan zangon rajista shi ne direban da ya gaji ya rintsa, amma ba a mayar da wurin masauki ba. Kafa tanti, hura wuta, shanya, barin inji yana aiki cikin dare, duk ba a so. Kanti da wurin abinci sukan rufe da yamma, wajen biyar ko shida, banɗaki ne kawai ke kwana a buɗe. Shara kuma a tafi da ita, kwandunan da ke wurin na abin da aka saya a nan ne.

Wane lokaci ne ya fi kyau?

Daga Mayu zuwa Oktoba hanya ba ta da matsala. A Yuli da Agusta, lokacin da Tokyo ke dafa mutum, Kusatsu sanyi-sanyi ne har da dare a nemi rigar sama. A Oktoba ganyaye ke rinewa ja da rawaya. Hunturu yana da nasa kyau, tururi na tashi ta cikin dusar ƙanƙara, amma wanda bai taɓa tuƙi a kan ƙanƙara ba ya hau bas. In ya zama dole, a gaya wa kamfanin haya a saka tayoyin hunturu.

Bayan gari, hanya ta 292 tana ci gaba da hawa zuwa tsaunukan Shiga Kogen na jihar Nagano ta mashigar Shibu mai tsayin mita 2,172, inda ya fi ko'ina tudu a kan hanyoyin gwamnatin ƙasa na Japan. Ana rufe wannan ɓangaren daga tsakiyar Nuwamba zuwa ƙarshen Afrilu. Yana ratsa gefen Kusatsu-Shirane, dutse mai aman wuta wanda zafinsa ne ke dafa ruwan garin. A ranar 23 ga Janairun 2018 ya yi aman ba-zata kusa da filin wasan ƙanƙara, soja ɗaya da ke atisaye ya rasu, wasu suka ji rauni. Akwai kuma inda aka hana tsayar da mota saboda iska mai guba da ke fita daga ƙasa. In an rufe hanyar ko an taƙaita ta, a zangon za ka fara ganin sanarwa, kuma wannan kaɗai ya isa dalilin tsayawa.

Na ga mutane suna buga hatimi a littafi. Na mene ne?

Kowane michi-no-eki yana da hatiminsa mai zanen abin da garin ya shahara da shi. Akwai masu bin su ɗaya bayan ɗaya suna cika littafi. Kyauta ne, ko a bayan takarda za ka iya bugawa, sai dai yawanci sai kanti yana buɗe.

Ban da wanka da tsaraba, akwai abin da ya kamata baƙo ya sani game da garin?

Akwai, kuma ba kasafai ake faɗa ba. Saboda an yi imani ruwan yana maganin cutar fata, masu kuturta sun daɗe suna tururuwa zuwa Kusatsu, har suka yi unguwarsu mai suna Yunosawa. Wata Baturiyar Ingila, Mary Cornwall Legh, ta zo a 1916 ta yi shekaru tana jinyarsu. A 1932 gwamnati ta buɗe sansanin Kuriu Rakusen-en a wajen gari, aka riƙa killace su a can bisa doka. A cikinsa har da wani kurkuku na musamman inda mutane suka mutu saboda sanyi da yunwa. Dokar killacewar ba a soke ta ba sai 1996, shekaru da dama bayan an samu maganin cutar. Yanzu akwai gidan tarihi a wurin da ke nuna yadda kurkukun yake. Duk wanda ya tashi a inda ake ƙyamar kutare zai gane abin da yake kallo ba sai an fassara masa ba. Yana gabas da gari, 'yan mintoci ne a mota, amma ba kullum yake buɗe ba, don haka ka tambayi ranakunsa a zangon kafin ka gangara.